Muryar Aro

Masu cika min waya da tambayar me ya sa na daina saka bidiyon biki, yau ga amsarku. Masu cewa ciki ne da ni, Allah ya shirye ku. Wadda ta ce Mutiu ya tafi da ni Dubai kuwa, na gode da fatan alheri, amma ina nan Iseyin, a ɗakin da muke kwana da ƙanwata Wasilat, kan katifar nan da ta lotsa a tsakiya. Da babban yatsa nake muku magana, don shi kaɗai aka bar min.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Simbiat, 'yar Alhaja Alaga. In za a yi baiko a garin nan mu ake kira mu riƙe taro. Mu ke tare dangin ango a ƙofa mu sa su waƙa, mu sa ango da abokansa su kwanta rub da ciki gaban surukai, mu yi wa kowane gida kirarinsa tun daga kakan kaka. Daga hantsi har la'asar baki ba ya rufuwa. Maami, wato mahaifiyata, ta yi wannan aikin na alaga har muryarta ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti, sai ta miƙo min makirfo, Wasilat kuma tana min amshi. Muryarmu ɗaya da Wasilat. Ko Maami in muka kira ta a waya sai ta ce, "Wace ce a ciki?"

Abin ya faru ne a bikin 'yar wani mai sayar da katako. Da safen ranar al'adata ta zo, marata na murɗawa, ga tarin da na kwana biyu ina fama da shi. Maami ko kallona ba ta yi ba, ta yage ƙullin garin maganin ciwon kai ta juye a lemon kwalba ta miƙo min. Duk wata alaga da na sani haka take yi kafin ta fita aiki, ko da ciwo ko babu, wai yana sakin jiki. Ni ma na saba, ban taɓa karanta abin da aka rubuta a jikin takardar ba.

Ana tsakiyar taro janareta ya mutu, lasifika ta yi shiru.

"Ɗaga murya!" in ji Maami a kunnena. "Mu da muka yi aikin nan ba na'ura, mutuwa muka yi?"

Na ɗaga. Ina kan kirarin gidan amarya, na kai wurin da ake hawa sama a ja numfashi, wurin da mata ke tasowa da liƙi, sai na ji wani abu ya yi ɗas a cikin wuyana. Ba zafi, wallahi ko kaɗan. Na buɗe baki in ci gaba, iska ce kawai ta fito da wani ƙaraurau a bayanta. Wasilat ta ɗauke baitin daga inda na saki kamar dama haka muka tsara, aka yi ta tafi. Ni kuwa ina tsaye da gwaggwaro kamar rufin rumfa, ina murmushi, ina motsa baki.

Gaskiya abin ya daɗe yana min sallama. Watanni ke nan in na dawo daga biki muryata sai ta dushe, washegari in kasa kai ta sama, bayan kwana biyu ta dawo. Maami ta ce haka murya ke nuna, in ci namijin goro. Wannan karon aka ci namijin goro, aka sha zuma da citta, aka sha rubutu, ba ta dawo ba. Sai Mutiu, saurayina, ya ajiye shagonsa na saƙin ashoke ya ɗauke mu a mota zuwa Ibadan, ni da Maami.

Likitar maƙogwaron mace ce, Dakta Falade, gajera mai tabarau a kan hanci. Ta fesa min wani magani mai ɗaci a hanci, ta zura siririyar roba mai fitila a bakinta, ta juyo mana da allon kwamfuta. Karon farko ke nan da na ga inda nake cin abinci da shi.

"Kin ga waɗannan biyun?" ta ce. "Su ne tantanin murya. In kina magana su suke haɗuwa su yi ta karkarwa, sauti ya fito. Farare ya kamata su kasance. Dubi na dama."

Na dama fari ne, sai wata jijiya ja da ta kwanta a kansa kamar zare, da ɗan kumburi a ƙarshenta. Na hagu kuwa gaba ɗayansa ya yi jawur, kalar hanta.

"Jijiyar jini ce ta fashe a cikinsa, jinin ya kwanta ƙarƙashin fata. Ya yi nauyi, ba ya iya karkarwa, shi ya sa muryar ta ɗauke lokaci guda. Waccan ta ɓangaren dama ita ma ta kumbura, irinta ce ta fashe. Yawan ihu ke kumbura su, shekara da shekaru. Ranar da abin ya faru kina al'ada?"

Na gyaɗa kai.

"Kina tari?"

Na gyaɗa.

"Kin sha wani magani?"

Maami ta gyara zaman mayafinta. "Dakta, bar wannan maganar. Ni na san aikin hannu in na gan shi. Akwai wata alaga a unguwarmu, tun da yarinyar nan ta fara tashe ba ta ƙara amsa gaisuwata da haƙori a waje ba."

"Mama, wane magani ta sha?"

Maami ta faɗa mata.

"To akwai asfirin a ciki, yana tsinka jini. Lokacin al'ada jijiyoyin nan sun fi saurin fashewa, ga tari, ga ihu ba makirfo, ga jini a tsinke. Ba sai wata ta tashi daga gidanta ta yi mata komai ba, Mama, kun haɗa mata kayan da kanku."

Maami ta ja tsaki ƙasa-ƙasa ta kalli bango. Mutiu yana bakin ƙofa yana juya makullin mota a yatsa.

Maganin, in ji Dakta, shiru ne. Sati biyu ba magana, ba waƙa, ba dariya mai sauti, ba gyaran murya. Raɗa ma ta hana, ta ce ta fi maganar wahalar da wurin. In sha ruwa da yawa, in rabu da garin nan har abada, ta ba ni maganin tari. In na kiyaye, jiki zai shanye jinin da kansa, daga baya in jijiyar ba ta saɓe ba a ƙone ta da hasken leza don kada ta sake fashewa. In kuma na matsa wa wurin kafin ya warke, zai iya ƙara zubar da jini, ya yi tsiro ko tabo.

"Tsiro ana cirewa," ta ce, tana kallona ta saman tabarau. "Tabo kuwa, magana za ki yi, a ji ki. Amma muryar da kike aiki da ita, ba na miki alkawarin za ta dawo."

Kuna jira in ce na yi kuka. Ban yi ba. Ina kallon jan abin nan a allo kamar na wata ne, ina tunanin ko na kashe risho kafin mu fito.

A mota Maami ta fara. "Alhamis ta sama fa? Iya Agba fa?"

Iya Agba kakar Mutiu ce, ita ta raine shi tun mahaifiyarsa ta rasu yana goye. Idonta ya daɗe da rufewa, amma a gidan nan ko akuya ba a sayarwa sai ta ce to. 'Yan mata biyu Mutiu ya taɓa kai mata. Ta farko ta ce muryarta ta mai rowa ce. Ta biyu ta ce tana gaisuwa hankalinta na kan waya. Ni kuwa ita ta neme ni. A wani suna ta ji na yi kirarin marigayi mijinta, ta ce wa Mutiu, "Nemo min mai muryar nan." Da haka ya fara zuwa gidanmu, har abin ya zama namu. Yanzu ta sa rana in je in gaishe ta a ɗakinta, in ta sa albarka sai manya su shigo maganar. Ranar ta faɗo tsakiyar shirun da aka ɗora min.

Na rubuta wa Mutiu a waya, yana tuƙi, sai da muka tsaya shan mai ya karanta.

Ni: Ka gaya mata gaskiya. A ɗaga ranar.

Mutiu: Ba ki san Iya Agba ba. In ta ji murya ta ɗauke miki a tsakiyar biki cewa za ta yi ana bin ki da wani abu. Ba ta barin irin haka ya shigo mata gida.

Ni: Ka nuna mata hoton asibiti.

Mutiu: Simbi, da wane ido?

Ni: To ka faɗa mata da bakinka.

Ya turo min hoton zuciya guda biyu da hannu na addu'a.

A gida Maami ta sanar da unguwa cewa wani malami ya ba ni wuridi mai nauyi, ba a magana sai an kammala. Nan da nan na zama abar girmamawa. Mai kifin ƙofar gidanmu har rage murya take in na wuce, wata ma ta aiko in sa ɗanta a addu'a zai rubuta jarrabawa. Na tambayi Maami a rubuce me zai hana a faɗa wa Iya Agba haka.

"Waccan tsohuwar? Sunan malamin za ta tambaya, ta aika a kira mata shi."

Kwanakin nan ba ni da abin ba ku labari a kansu. Ina tashi, in yi salla a zuci, in sha ruwa, in zauna a falo ƙarƙashin hoton Maami na Makka ina kallon labule. In cokali ya faɗi ba na cewa komai. In an kira sunana sai in tafa hannu. Amala da miyar ewedu da nake mutuwar so, ci nake kamar ina cika buhu. Da na ɗauka shiru zai dame ni, sai na ga ba ni da abin faɗa ma. Wannan ne ya ɗan ba ni tsoro, shi ma ba sosai ba.

Ana saura kwana biyu Maami ta shigo ɗakinmu ta rufe ƙofa, ta zauna bakin katifa ta kalle ni, ta kalli Wasilat da ke goge farce.

"Tsohuwar nan ba ta gani," ta ce. "Ɗakinta kuma ba mai shiga sai wanda ta kira. Ke Simbi ki durƙusa a gaba. Ke Wasila ki durƙusa a bayanta, bakinki daidai kafaɗarta. Ita ta ba da hannu, ke ki ba da murya."

Wasilat ta saki abin goge farcen. "Maami! Wannan ai zunubi ne."

"Zunubin me? Muryar wani gida na aro? Cikina ɗaya kuka fito. Ranar bikin mai katako da kika ɗauke mata baiti, wa ya mutu?"

"Anti Simbi, ki ce wani abu mana."

Ta tuna, ta rufe baki da hannu. Maami ta yi dariya har da tari. Na rubuta wa Mutiu duk yadda aka tsara, ina jiran ya ce ba da shi ba. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Can ya turo: Duk yadda kuka yi daidai ne, Allah ya rufa asiri.

Har gwaji muka yi a falo. Maami ta ɗaure ido da ɗankwali ta zama Iya Agba, tana gyara mana. "Matso da bakinki, muryar na fitowa daga gefe. Ke kuma Simbi ki riƙa motsa kai in tana magana, jiki na jin jiki." Na motsa kai. Duk abin da aka ce in yi, yi nake.

Ranar Alhamis na ɗaura ashoke ruwan toka mai zaren azurfa, da farar buba ta leshi, da murjanin Maami na aurenta. Wasilat ta sa atamfa mai sauƙi ba kwalliya, kamar 'yar rakiya. Mutiu ya tare mu a ƙofar gidansu cikin babbar riga shuɗiya, ƙamshin turarensa ya cika soro. Bai kalli idona ba, ya ce wa Maami sannu da zuwa har sau uku.

Ɗakin Iya Agba na can ƙarshen gida, bayan rumfar masaƙa. Warin man zafi da kafur, gado mai rumfa, tulin kwanukan tangaran a kabad, rediyo a kan matashi. Tana zaune tsakiyar gadon, 'yar ƙarama, kanta fari fat da furfura, carbi a hannu. Mutiu ya kwanta rub da ciki ya gaishe ta, ya koma gefe kan tabarma. Maami ta gaishe ta ta zauna a kujera. Muka durƙusa yadda aka koya mana.

"Barka da hutawa, Iya," in ji Wasilat daga kafaɗata. "Mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Fuskar tsohuwar ta buɗe. "Ita ce. Ita ce wannan. Mutiu, ashe kana da kunne, na ɗauka hula kawai kake ratayawa a kansu. Yarinya, an ce uwarki ta fi kowa baki a garin nan, ke ma haka kike?"

"Iya, ni rabin nata na gado, rabin na bar wa ƙanwata."

Wannan ba ya cikin gwajin. Iya Agba ta yi dariya har carbinta ya faɗi, Maami ma ta taya ta. Ni na motsa kai.

Ta tambayi ko na iya tuƙa amala ba gudaji, Wasilat ta ce sai dai a tambayi waɗanda suka ci suka rayu. Ta tambayi izu nawa na kai, Wasilat ta faɗi nawa, ba nata ba. Komai na tafiya sumul. Ina durƙushe gwiwata ta fara sanyi a kan siminti, ina jin numfashin ƙanwata a wuyana, ina jin ana sona a wani wuri da ba na nan.

"To yi min na mai gidan," in ji tsohuwar. "Yadda kika yi ranar nan."

Wasilat ta ja numfashi ta fara, a hankali. Akanbi ɗan masaƙa, mai zaren da ba ya tsinkewa a hannunsa. Akanbi da ya tufatar da gari ya kwana da tsohuwar riga. Ta bi gidansu ɗaki-ɗaki, ta ambaci uwarsa da kakarsa da rijiyar da suka haƙa. Sai ta kai wurin hawa, wurin nan da nawa ya fashe, ta haye shi ba ko gargada, ta tsaya a can sama ta ja. Masu saƙa a rumfa suka tsayar da aiki. Ban taɓa sanin ta iya haka ba, kullum a bayana take. Nan kam na ji wani abu, kishi ne, ɗan kaɗan, ya taso ya koma.

Hawaye na bin kumatun Iya Agba. "Matso, 'yata. Matso in taɓa ki."

Na ja gwiwa na matsa, Wasilat ta biyo ni. Tsohuwar ta kama hannuwana ta murza, ta shafa goshina, da hancina, da kunnena har ɗan kunne. Sai hannunta ya sauko ya kwanta a wuyana, babban yatsanta daidai maƙogwaro. Tafin hannunta da ɗumi.

"Nan Allah ya ajiye arzikin," ta ce. "Bari in sa masa albarka yana aiki. Maimaita min baitin ƙarshe."

Maami ta zunguri Wasilat da ƙafa. Wasilat ta buɗe baki ta rera, Akanbi da ya tufatar da gari.

Ƙarƙashin yatsan tsohuwar ba abin da ya motsa. Na san ta ji, don yatsan ya ɗan danna, ya saki, ya sake dannawa yana nema. Wasilat ta kai ƙarshen baitin ta yi shiru. Daga rumfa aka ci gaba da saƙa, ƙwas, ƙwas.

"Ke wadda nake riƙe da ita," in ji Iya Agba, muryarta ba fushi. "Faɗa min sunanki."

Maami ta zaro min ido tana motsa leɓe: faɗa, faɗa. Kalma ɗaya ba za ta kashe ni ba, na sani. Amma abin da zai fito ba shi ne abin da ta aika a nemo mata ba, kuma bayan suna baiti za ta ce, bayan baiti hawa. Jan abin nan na allon Dakta ya tsaya min a ido. Kada ku ce jarumta na yi, ko na zaɓi sana'a a kan aure. Ban zaɓi komai ba. Na buɗe baki, na haɗiyi yawu a ƙarƙashin yatsanta, na rufe.

Ta janye hannunta daga wuyana a hankali. Ta miƙa shi ta saman kafaɗata tana lalube, ta taɓa ɗankwalin Wasilat, ta sauko ta kama wuyan hannunta ta riƙe gam. Wasilat ta fara kuka mara sauti. Ɗaya hannun ta dawo da shi ta riƙe nawa.

"Alhaja, ke ba da ke nake ba, kada ki ce komai," ta ce wa Maami. Sai ta juya fuskarta daidai inda tabarmar take. "Mutiu. Mutum biyu ne a hannuna. Ɗaya na da muryar da na ce ka nemo, ɗaya na da murjani a wuya. Wacce ka kawo min?"

Na juya na kalle shi. Bakinsa lafiya lau, maƙogwaronsa fari tas, ba jijiyar da ta fashe masa. Simbiat kawai zai ce, ya ƙara da cewa ba ta da lafiya, likita ya hana ta magana. Yana zaune ya tanƙwashe ƙafa, ya sunkuyar da kai, yana jan wani zare da ya fito a bakin hannun rigarsa.

"Mutiu, da kai nake."

Ya ci gaba da jan zaren.

Ni dai na san wadda ta hana ni magana, har takarda ta ba ni. Shi ban san wa ya hana shi ba.